Murfin Kwalba

Buhu biyu na watsa wa albasata bara,
na watsa da tafin hannu kamar mai rabon sadaka.
Bashin Alhaji Tunau ne, jikka ashirin kowanne.
Na ce ƙasa ta ci, ta ƙoshi, ta biya ni.

Ƙasa ta ci iya cikinta.
Saura ya kwanta cikin fangali, fari fat,
yana jiran damina.

Mu a Tabalak bayan ruwa muke bi:
ya ja da baya, mu dasa a sawunsa,
ya dawo, ya rufe gonar da duk abin da muka bari.
Ya dawo kuwa.
Kafin kaka tabki ya yafa koren bargo,
gansakuka mai kauri, ka jefa tsakuwa ta yi jinkirin nutsewa.

Ƙanena Arzika masunci ne.
Da asuba ya iske karfasa sun juya ciki sama,
farare, jere a bakin gaɓa.
Ya jawo koma, ta fito da yauƙi da wari.
Raƙuman Agali suka sunsuna, suka ɗaga wuya.
Tsahara ta jefa alif a tulu har sau uku,
shayin dai ɗanɗanon kwata.
Arzika bai zage ni ba.
Ya dubi fangalina, ya ce, ruwa ba ya tsami banza,
ya naɗe komarsa.

Barira, malamar gona, ta zo daga Tawa a kan babur,
ba takarda a hannunta, sai murfin kwalbar lemo.
Ta ce abin da ke cikin takin nan, fosfor,
dutse ne aka haƙo aka niƙa,
irinsa ke cikin ƙashinka da haƙorin ɗiyarka,
kuma dutse ba ya toho in an yanke shi.
Wanda saiwa ba ta kama ba, tabki ke haɗiyewa,
kai ka biya, gansakuka ta yi ƙiba.

Cikin murfi ɗaya, in ji ta, a gindin gero, a binne.
Albasa kuwa ja layi, zuba kaɗan, rufe.
Kashin awaki a ƙasa, toka a kai.
Tsakaninka da ruwa bar gamba ta tsaya,
taku goma, kada ka ƙone ta.

Bana da murfi nake yawo a aljihu.
Maƙwabta na dariya, wai Nomau na ba shuka magani kamar jinjiri.
Bayana na ciwo don duƙo.
Rabin buhu ya ishe ni,
na Tunau kuwa saura jikka tara.

Tabkin bai washe ba tukuna,
ba ni kaɗai ke noma a bakinsa ba.
Amma jiya da magariba
wani ya ajiye karfasa biyu a ƙofar gidana,
da igiyar kaba a baki,
ya tafi bai yi sallama ba.