Naɗin Baba Dogara

A Kabala, can ƙasan gada,
inda kogi ke lanƙwasa kamar mai gyara kwanciya,
Baba Dogara na da benci guda
da gwangwanin da ya daɗe da manta madara.
Ganye ne a ciki, launin bayan tsohuwar ƙwarya.

Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙar Kakuri.
Ran da injuna suka yi shiru, aka ɗaure ƙofa da kwaɗo,
kowa ya kama gabansa,
yatsunsa kaɗai suka ƙi yin ritaya.

Daga wajen Giwa ake kawo masa ganyen,
Tanimu direba ke soko shi a bayan kujera.
Ran Alhamis, in la'asar ta yi sanyi,
sai ya yayyafa masa ruwa da bakin yatsa,
ya lulluɓe da tsumma, ya jira.
"Ganye ma yana da zuciya," yakan ce,
"ka taɓa shi yana fushi, ya karye maka a hannu."
Ya zare jijiyar tsakiya,
ya jera na ciki, ya goya su da na biyu,
sannan na waje, mai santsi, wanda ƙwaro bai ɗanɗana ba.
Ya mirgina a cinya, sannu, sannu,
ɗigon ƙaro ya rufe baki.

Ni ɗan aike ne a lokacin, mai sayo ashana.
Ladana in zauna ta inda iska ke bi.

Ba ta da faɗa, ba irin ta kwali ba
mai shaƙe wuya tun kafin a gaisa.
Da fari gyaɗa ce da aka soya a yashi.
In ta yi nisa, ƙasa ce ran ruwan farko,
da wani zaƙi can nesa,
na mazarƙwailar da ka tuna, ba wadda ka lasa ba.
Sai dab da yatsa ɗacin goro ya leƙo,
ya yi sallama, bai zauna ba.

Bai taɓa haɗiye hayaƙin ba.
Yakan riƙe shi a baki kamar maganar da ake aunawa,
ya sake shi ya bi ruwa.
Toka ta yi tsawo, fara fat, ta ƙi faɗuwa,
masu wankin mota har caca suke a kanta.
Awa guda cur. Ko ana kiran sunansa,
sai dai mai kira ya zo ya zauna.

Sai tari ya zo, irin mai kwana a ƙirji.
Likita, yarinya sa'ar autarsa,
ta ɗaga hoton huhu ga fitila, ta ce:
"Baba, ko ita, ko jikoki."
Inna Asabe ta kwashe ashanar gidan kaf.

Bai yi musu ba.
Amma Alhamis ba ta daina zuwa ba,
shi ma bai daina naɗi ba.
Ya gama, ya ratsa ta ƙarƙashin hanci,
ya lumshe ido, ya mayar gwangwani.

Bayan addu'ar bakwai muka buɗe.
Sha ɗaya, a jere, kamar sahu.

Jiya na ɗauki guda na gangara Kabala.
Bencin na nan, ƙafa ɗaya ta koma bulo.
Na ƙyasta, na ja da gaggawar ɗan acaɓa,
na ƙware, hawaye suka zubo, ban san na wanne ba.
Sau uku tana mutuwa a hannuna.
A na huɗu na ajiye waya a aljihu,
na bar ta ta yi tafiyarta.
Can, wajen tsakiya,
ruwan farko ya sauka.

Saura goma.