Mai Raɗa a Bayan Shinge

A Kuldiga, tsakiyar Yuli,
ƙarfe tara na dare rana ta ƙi tafiya,
ta tsaya kan rufin tsohon gidan niƙa
kamar baƙon da ya yi sallama bai nemi takalminsa ba.

Ni ce Dzidra. Wurina bayan shinge,
kujera mai ƙafa uku, littafi a cinya,
'yar tocila tsakanin haƙora.
Wasan ya girmi kakan kakana.
Shekara ɗari uku ana shara ƙarya ɗaya,
har yau cikin mutane bai daina ciwo ba.

Ilmars mai kantin magani ne tsohon attajiri,
gemun ulu, matashi a cushe cikin riga.
Duk mako yana ƙirga ƙwaya fuska a murtuke,
yau ga shi da rarrafe ƙarƙashin tebur
yana farautar wasiƙar da ba tasa ba.
Matarsa a layi na biyu ta rufe fuska da hula.
Kafaɗunta suka tona ta.

Baran gida yana ɓoye cikin akwati.
Mijina ya ƙera akwatin nan,
bazara goma sha bakwai yana naɗe ƙafa a ciki.
Yanzu ɗan mai burodi ke shaƙar iska
ta ramin da ya huda wa hancinsa.

Sauro ya shigo bai biya kuɗin ƙofa ba.
Ana tafi, rabi na yabo, rabi na kisa.

Sai shamuwa a kan bututun hayaƙi
ta hau kaɗa baki, ƙwas ƙwas ƙwas,
daidai inda budurwa za ta faɗi sirrinta.
Austra ta daskare. Magana ta tsere mata.
Na raɗa, iska ta kai wa kogi.
Na ƙara raɗawa, shamuwa ta haɗiye.
Ni da aikina kar a ji ni,
na buɗe maƙogwaro:
"Kai nake so tun ranar kasuwa!"

Kai ɗari biyu suka juyo ga shinge.
Daga bencin ƙarshe wani tsoho ya amsa:
"Me ya hana ki faɗa tuntuni?"

Akwati ma sai da ya girgiza.
Attajiri ya buga ƙeya da tebur,
gemu ya tafi gabas, shi ya tafi yamma,
yayyafi ya sauko a kan ragowar wasan,
ba wanda ya tuna da laima.

Da aka watse, ana jera kujeru,
na je na sa yatsa a ramin akwati.
Katakon da ɗumi.
A bayana wani ya yi gyaran murya:
Gunars mai kiwon zuma, hula a hannu,
ya riga ya ɗauki kujerata.
Ya ce hanyarmu ɗaya.
Ba ɗaya ba ce, gidansa na ƙetaren gada.
Na buɗe littafi, babu wannan a ciki.