Kaza Biyu a Fata Ɗaya

Ranar da kuɗin sallamata suka fito,
bayan shekara talatin ina karanta mitar ruwa,
na auna bayan ɗakinmu da ƙafa, nan Gwammaja:
taku tara a tsaye, huɗu a kwance,
tsakanin randa da igiyar shanya.
Na ce nan akurki zai zauna.

Tasallah ta ce, "Ni ƙwai nake so.
Kiret ya zama abin kallo,
yara na fita makaranta da shayi tsura."
Mudi, autanmu, daga kan tabarma:
"Baba, nama. Kazar da cinyarta
sai an kama da hannu biyu."
Ni kuwa aljihuna ɗaya,
bayan ɗakina ɗaya.

Asabar na tari adaidaita sai Tarauni.
Layin 'yan kaji: ƙarni, kuka, gashi na tashi,
Ilu na fifita da guntun kwali.
Ya nuna farare, sun baje suna haki:
"Burola. Sati shida ta isa tukunya,
sai dai ci gare ta kamar gara,
kuma zafin bazara ɗaya ya ishe ta."
Ya nuna jajaye sirara:
"Masu ƙwai. Kullum ɗaya, ba fashi.
Ranar da suka gaji ka yanka,
ƙashi ne sanye da riga."

Na ce, Ilu, ba a samun mai ɗaukar kaya biyu?
Ya jawo keji daga ƙarƙashin benci,
wake-wake, baƙa, mai ruwan toka.
"Noila. Ba ta kamo waccan a ƙwai ba,
ba ta kamo wannan a saurin ƙiba ba,
amma ba ta raina dusa,
tana tsince ƙanzo da ganyen kabeji.
Ta ba ka na karin kumallo, ta ba ka na Sallah."

Na ɗaga ɗaya na ji nauyi,
na laluba ƙirji, na leƙa ido,
na buɗe fiffike ina neman ƙuma
yadda na ga mahaifiyata tana yi.
Sagara shida, zakara guda.
Da ƙyar na tsira da kuɗin komawa.

Wata uku, ƙwan fari ya faɗo.
Tasallah ta ɗauko shi da ɗuminsa
ta ɗora a tafin Mudi.
Zakaran ya yi ƙirji, yana riga ladan tashi;
Malam Barau na maƙwabta ya kawo ƙara,
ƙwai uku suka kashe shari'ar.

Sai abin da Ilu bai faɗa ba:
babu mai kwanci a cikinsu.
Su saka, su miƙe, su karkaɗe jiki,
kamar ma'aikacin da ya sa hannu a rajista ya sulale.
Na san irinsu. Na zauna ofis da su.

Akwai wata durgu a gidan,
tsohuwa, tsarabar yayar Tasallah daga Ɗambatta.
Ban sa ta a lissafi ba;
sau biyu ma na wasa mata wuƙa.
Ƙwai tara muka tura ƙarƙashinta,
ko ɗaya ba nata ba.
Ba ta tambaya ba. Ta gyara zama.
Kwana ashirin da ɗaya,
ruwa kawai ke tashinta.
Bakwai suka fito.

Yau 'ya'yan sun ɗara ta tsawo,
amma in inuwar shirwa ta gifta daga wajen Dala,
ita ke buɗe fiffiken
da ba zai rufe ko biyunsu ba,
su kuma su ruga, su cusa kawuna.

Jiya Mudi ya tsaya bakin akurki:
"Baba, wacce za mu ci ran Juma'a?"
Na ce zaɓi wadda ta cika maka ido,
ban da gajerar nan.