Littafin Aljihun Mota

Ta mutu mini a Gadon Ƙaya,
bakwai saura kwata, yara tara a baya,
kowa da kwandon abincinsa a cinya.
Na murɗa makulli: ƙyas. Na sake: ƙyas.
'Yan adaidaita sahu na ta kewaye ni
kamar ruwan kwata ya tarar da dutse.

Siyenar nan ta girmi ƙanena Tasi'u da shekara biyu.
Baba Haladu ya bar mana ita
tare da wani littafi mai shuɗin bango a aljihun gaba,
kowane shafi da shaidar babban yatsansa ta baƙin mai.

Shafi na uku, rubutun ya kwanta gefe guda:
"In ta ce ƙyas ba ta yi tari ba,
kada ka zagi batir, duba kansa tukuna.
Farin garin nan shi ke cin wuta.
Kankare, ka ɗaure da sifana goma."
Na ɗaga bonet. Ga shi nan kamar an barbaɗa kanwa.
Na kankare da murfin kwalbar lemo.
Ta yi tari, ta tashi,
yaran suka hau tafi sai ka ce ni na ƙera ta.

Ran Laraba allura ta hau ja a Kabuga.
Shafi na bakwai: "Kada ka buɗe lagireto tana fushi.
Nemi inuwa, sayi rake, jira.
In ta huce, ga ko fanka na juyawa.
Fiyus na kuɗin goro ya sha kunyata bakanike mai gemu."
Fiyus ɗin ne kuwa.

Ƙofar gefe da ke cijewa ma tana ciki:
"Ba ƙarfi take so ba.
Share layinta, sa mata giris,
ka ɗan tallafe ta da gwiwa kamar tsohuwa za ta hau tudu."
Da famfon mai: "Kara kunne a tanki.
In babu kukan sauro, ya yi barci.
Buga masa takalmi sau uku.
Zai kai ka gida. Ba zai kai ka Zariya ba."

Sai ga wata ƙara da littafin bai sani ba,
ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga gaba ta hagu,
duk sanda na sha kwana a shataletale.
Na karanta daga bango zuwa bango.
Har bayan bangon na duba.
Na zauna a kujerarsa da ta lotsa daidai jikinsa,
ba daidai nawa ba,
na ji haushinsa, Allah ya gafarta mini,
don ya tafi bai gama rubutu ba.

Ɗan'azumi na garejin Tal'udu bai ko buɗe bonet ba.
Ya karya sitiyari, ya zaga fili sau biyu,
ya kwanta a kwali, ya fito da yashi a yatsa.
"Robar shaf ta yage, ƙasa ta shiga. Je ka Ƙofar Ruwa."

A Ƙofar Ruwa, mai shagon ya daɗe yana kallon motar
kafin ya kalle ni.
"Ta Haladu ce. Akwai ragowar kuɗin taya ɗaya."
Na sa hannu a aljihu, ya riƙe hannun.
"Bar shi. Ina so sunansa ya zauna a littafina."

Da dare, a ƙofar gida, da fitilar waya,
na buɗe shafi na sha tara, fari fat.
Na rubuta: "In ta yi ƙwas a kwana, duba robar shaf."
Rubutuna a miƙe yake, bai yi kama da nasa ba.
Sai da na rufe na lura
yatsana ya bar baƙi a gefen takardar.