Faci a Kujerar Perina

Da asuba, kafin masunta su sauke sadin a Komiza,
na sauko da akwatin aikin Baba Dinko,
yana biye da ni da sandarsa,
yana ƙirga matakalar dutse ɗaya bayan ɗaya.

Jirginmu na ɗaure inda ya saba.
Sunan mahaifiyata ke jikinsa, Perina,
gishiri ya cinye rabin harafin ƙarshe.
Ran Asabar mai saye zai zo daga Split.

Yagar ba ta kai ɗan yatsa ba.
Ƙugiya ce ta yi ta bara,
ranar da ɗan ƙanena ya kama kifinsa na fari,
ya daka tsalle, ya mance abin da ke hannunsa.
Na ce, "Baba, wa zai duba wannan?"
Ya ce, "Ruwa zai duba.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Ɗigo ne ajalin ledar kujera.
Ya ratsa soso, ya kwana, ya yi wata,
ranar da kika zauna, warin ruɓa ya gaishe ki."

Shekara uku ke nan hannunsa na rawa,
allura ta gagare shi, balle almakashi.
Shi ke faɗa, ni ke yi.

"Wanke da sabulu, bar wa iska ta busar.
Goge da sifirit, Tonka, kar ki yi gaggawa,
man da baƙi ke shafawa don rana
ba ya ga maciji da gam.
Datse zaren da ya tsiro.
Zagaye bakin yagar da tsinin almakashi,
mai kaifin baki tafiya take yi,
mai zagayayyen baki nan take tsayawa."

Na yanko ƙyalle, ya ɗara ramin faɗi,
na naɗe, na cusa shi ciki da tsinke,
sai tsinken ya ci karo da wani abu.
Na ɗaga leɓen ledar a hankali:
can gefe, a ƙasa, wani tsohon faci,
shuɗin yadi mai ɗigo-ɗigon fari.
Na san shi.
Da shi Mama ke ɗamara in za ta fere kifi.

Baba ya juya wa jirgin baya,
ya zuba wa teku ido har wani kwale-kwale ya wuce.
"Ta ce mini ta gyara," in ji shi,
"shekarar da iskar kudu ta karya mana igiya.
Na shafa kujerar nan tun daga wannan gefe har wancan,
ban taɓa gano wurin ba."

Saura launi, nan aikin ya yi gardama.
Farin gwangwani sabon fari ne,
na kujera ya sha rana damina ashirin.
Na ɗiga rawaya, ya zarce.
Na ƙara fari, ya koma baya.
Na taɓa ƙasa-ƙasa da bakin tsinke,
na ce haka nan, iyakar idona ke nan.

Na cike tsagar, na ɗora takarda mai zanen fata,
na danna ƙaramin dutsen guga,
Baba na ƙirge a ƙasan numfashi.
"Ɗaga."
Na bari ya huce, na ɓare.

Ga shi nan, ya kama, ya yi laushi,
amma in rana ta faɗo ta gefe
kowa zai ga inda na taɓa.
Na ce, "Bai kai nata ba."
Ya sa babban yatsansa mai rawa
ya bi ta kai sau biyu, bai ce uffan ba.

Ƙararrawar coci ta buga tara.
Ya rufe akwatin da gwiwar hannu.
"Kar kowa ya zauna sai gobe," ya ce.
Ya taka mataki biyu, ya waiwayo:
"Tonka, akwai sauran mai a tankin nan?"