Littafin Mai Kitso

A Runjin Sambo, ƙuri'a ba a zaure take kwana ba.
Tana can ciki, kusa da murhu,
kuma innata ce ta san ƙofar ɗakinta.

Kitso ne sana'arta.
Kan da ya kwanta a cinyarta
ba ya tashi sai ta ji ciwon gidansu:
famfon da ya shekara uku ko tari bai yi ba,
ɗakin haihuwar da ake yanke cibi da hasken tocila.
Da dare sai ta ce in ɗauko littafi, ni da na yi boko:
"Gidan Jaɓɓi mai kilishi, mata shida, biyu ba kati.
Gidan Ige, sai an lallashi tsohuwa."
Haka muka cika shafi tamanin.

Saura sati uku zaɓe, ta bi lungu-lungu
tana hana ƙunshi:
"Ku bar babban yatsa fari, ɗiyana,
na'urar ga ba ta san lalle ba."
Amare suka tura baki, amma suka bi.

Ran zaɓe rana ta dafa kwalta.
Layin mata ya wuce masallaci, ya karya kwana,
ya kai rumfar mai fura.
Na maza, inuwar dogonyaro ɗaya ta ishe shi.
Ita ke yawo da buta da goyon wata,
ƙafarta ta kumbura har silifa ya ƙi fita.

Da aka ci, aka ɗauki hoto.
Manyan riguna goma sha huɗu.
Can gefe, inda takarda ta ƙare,
akwai gwiwar hannu da rabin mayafi.
Na gane mayafin. Ni na wanke shi.

Ladanta turmin atamfa mai fuskar ɗan takara,
da sabulu sanda biyu.
Da ta ce tana son kujerar kansila,
suka yi dariya mai ladabi:
"Haba, ai ke uwa ce,
uwa ba ta kokawa da 'ya'yanta."
Aka ba wani yaro da bai san gidan Ige ba.

Ni ma shekarata sha ɗaya a sakatariya.
Jawabin da ake tafa wa ciyaman,
a kan teburina yake fara numfashi.
Wanda na koya wa buɗe fayil
yanzu shi ke sa hannu a takardar hutuna.
An ce ni ba a dogara da ni, wai ina zuwa haihuwa,
kamar su daga sama suka faɗo.

Bana sun dawo. Mota uku a ƙofar gida,
buhun shinkafa, gaisuwa har ƙasa:
a ba su aron littafi.
Inna na zaune, ido ya yi rauni, tana tsifar kan jika.
Ba ta ɗago ba.
"Zan ba ku," in ji ta. "Mi as sunana?"

Ɗaya ya ce Shugabar Mata.
Ɗaya ya ce Hajiya mai kitso.
Na uku ya duba wayarsa.
Kaza ta ratsa tsakaninsu, ba wanda ya kore ta.

Littafin yana ƙarƙashin katifata.
Jiya na buɗe shafin farko, wanda muka bari fari,
na rubuta da babban baƙi:
Tumba, ɗiyar Arzika.