Ɗakin Baya na Komisariya

Ɗakin baya na komisariya,
taga guda, ƙofar kwano,
ni Tsahiru ke riƙe da mabuɗinsa
shekara ashirin da tara.

Kaye bisa kaye har rufi,
kowane ɗauri da igiyar kaba.
Damagaram ce kwance a nan,
tun daga Birni har Kara-Kara,
ba mai gadi sai ni da gara.

Jiya takarda ta sauko daga sama
da hatimi da sa hannu:
duk abin da ya haura shekara goma
a kai shi fili a tara,
a ƙyasta ashana a hura.

Goma! Wa ya auna ta?
Da wace tiya aka yi awon?
Na tambayi komiser, ya ce, "Tsoho,
ɗaki muke so, ba tarihi ba,
na'urori za mu jera."

To, ga kaye mai jan bango.
Illo, yaron majema, ɗan sha shida,
fata uku ya ɗauka a kasuwar Dole,
ya kwana huɗu a kasho.
Yau in famfon unguwa ya ƙafe
shi ke tura kurar ruwa kyauta
gidan tsofaffi da marayu.
Mun haɗu, sai ya sunkuyar da kai,
ya san na sani, na san ya sani.
Wannan shafi ko yau a ƙone shi,
wanda ya tuba me ya saura?

Amma Gwamma fa?
Duk faɗuwar damina sai ta zo,
takalmi a hannu tun daga ƙofa.
Ɗanta Nuri, hanyar Tanut,
babbar mota, direba bai tsaya ba,
rabin lamba kawai aka rubuta.
Ba ta karatu. Tafi take ɗorawa
bisa shafin kamar goshin mai zazzaɓi,
ta ce, "Yana nan?" in ce, "Yana nan."
Ta ajiye mini ƙwaryar fura.

Shekara sha bakwai ke nan.
In ce mata doka ta ce ya isa?
In ce mutuwa ma tana tsufa?
Takarda ce kabarin da ta sani,
ita ba ta gaji da jira.

Akwai wani can ƙasa, kusa da bango,
ban cika son taɓa shi ba.
Mutumin Garin Malam, mai gyaran rediyo,
ya shigo da ƙafarsa ranar Talata,
ya fita Alhamis cikin tabarma.
"Ciwon ciki," in ji shafin.
Wanda ya faɗa yau galansa huɗu.
Wanda ya rubuta, to,
na san wannan karkatacciyar baƙin,
hannuna ne, tawadata ce,
ba mai iya gyara.

Wuta ba ta karatu, haka gara,
ba su san ɓarawon fata ba,
ba su san uwa ba, ba su san ni ba.
Da ni aka tambaya, da na ce:
ƙaramin laifi ya mutu kafin mai shi,
jini kuwa a bar shi ya kwana
har sai mai kukansa ya saurara.

Ba a tambaye ni ba.
Da asuba yara biyu suka zo da baro,
duwatsun Birni ba su ko yi zafi ba.
Na miƙa na Illo da hannu biyu.
Na Gwamma na zura cikin riga,
yana nan yana sukar haƙarƙarina.

Na ukun na ɗauka, na ajiye,
na sake ɗauka.
Yaron ya ce, "Baba, a sa?"
Hayaƙi ya riga ya tashi a fili,
ni ko ina tsaye bakin ƙofa
da shafi guda da nauyin dutse,
komiser yana ta kira.